Mota Na Mutuwa a Silo? Yadda Ake Gano Matsalar da Wayar Hannu Kafin a Sayi Sensa

Duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar mota a cikin gosulo ya san wannan fargaba. An tsaya a danja, ƙafa na kan burki, sai allurar da ke nuna juyin inji ta fara sauka, mota ta ɗauki karkarwa, kafin a ankara ta mutu, ga 'yan Adaidaita Sahu a baya suna ta danna hon. Wata motar kuma akasin haka take yi: ba a taɓa totur ba amma inji na gurnani, ko ya riƙa hawa yana sauka shi kaɗai. Kanikawa dai sukan ce silo ya lalace. Abin bai tsaya ga jin kunya a titi ba. Idan inji ya mutu mota na gangarawa, sitiyari yakan yi tauri nan take, burki ma bayan taku ɗaya ko biyu sai ya sandare. Ga batun mai kuma: tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba mai son motar da ke shanye mai tana tsaye.

Abin da aka saba shi ne a kai ta gareji, a wanke nozul, a canza fulogi, in bai yi ba a ce ai sensa ce, a sayo ta gwanjo a ɗaura. Wani sai ya canza abu huɗu kafin a dace da na gaskiya, kuma kuɗin ukun farko sun tafi ke nan. Alhali kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, tana sane da yawancin abin da ke faruwa, kuma wayar da ke aljihun mai motar za ta iya tambayarta.

Na'urar da ake buƙata

Tun daga motocin shekarar 1996, dokar Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a can ta zo da tsarin bincike iri ɗaya mai suna OBD2. Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur. Da yake yawancin Camry da Accord da Corolla da ke yawo a titunan Kano da Kaduna tokumbo ne daga Amurka, kusan dukansu suna da soket ɗin: mai ramuka 16, a ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba. Motar Turai ta kafin 2001, irin su Golf 3, tana iya zuwa da soket mai wannan siffa amma ta ƙi magana da na'urar gama-gari.

A wannan soket ake soka wata 'yar na'ura da ba ta kai kwalin ashana biyu ba, ana kiran ta ELM327. Sunan asalinsa na wani ƙaramin cif ne da wani kamfanin Kanada ya ƙera, amma kusan duk waɗanda ke kasuwa yanzu kwaikwayo ne. A nan akwai tarko. Tsofaffin Toyota da Honda suna magana ne da tsohon yaren sadarwa mai suna ISO 9141-2, sababbin motoci kuma da CAN, wanda ya zama dole a Amurka daga 2008. Da yawa daga cikin na'urori masu araha da aka rubuta wa v2.1 an rage musu kayan ciki, sai su yi aiki a sabuwar mota su ƙi tsohuwa. Masu rubutun v1.5 sun fi dacewa da tsofaffi, duk da cewa kamfanin asali bai taɓa fitar da wani v1.5 ba. Ya fi kyau a gwada ta a jikin motar kafin a biya.

Mai Android zai haɗa ta Bluetooth, lambar haɗawar galibi 1234 ce ko 0000, sannan ya buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Mai iPhone sai ya nemi na'ura mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE, domin iPhone ba ta karɓar tsohon salon Bluetooth da masu arahar ke amfani da shi.

Abin da ke riƙe da silo

Kafin a kalli lambobi, sai an fahimci abin da ake nema. Injin fetur yana buƙatar iska da mai a gwargwado, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a nauyi. Totur ba mai yake buɗewa ba, iska yake buɗewa: akwai wani faifai a maƙogwaron inji da ke juyawa idan aka taka. Idan direba ya ɗaga ƙafa, faifan ya rufe, to ta ina inji zai sha iska ya ci gaba da juyawa? Ta wata 'yar ɓarauniyar hanya da ke kewaye faifan, wadda wani bawul mai suna IAC ke tsaro. Birenbos ce ke buɗe shi tana rufewa. Da safe inji na sanyi ta buɗe shi sosai, juyi ya kai 1,200 zuwa 1,500 a minti. Idan ya ɗumama ta rage, ya zauna tsakanin 650 da 800. Aka kunna esi ko aka murza sitiyari a tsaye, ta ƙara buɗewa kaɗan don kada nauyin ya kashe injin.

Amma birenbos ba ta da ido. Duk shawarar da take yankewa daga rahoton sensa-sensa take yanke ta: ECT mai auna zafin ruwan inji, TPS mai faɗa mata inda faifan totur yake, MAF ko MAP masu auna iskar da ke shiga, da sensar iskar oksijin da ke jikin salansa, wadda ke gaya mata ko cakuɗar ta yi daidai. Saboda haka silo na iya lalacewa ta hanya uku: bawul ɗin ya maƙale, ko wata sensa ta yi ƙarya, ko iska ta shigo ta inda ba a auna ta ba. Dukansu alamarsu a idon direba kusan ɗaya ce, shi ya sa canki-canka ke cin kuɗi.

Wannan bayani na motocin da ke da kebur daga feda zuwa maƙogwaron inji ne, irin Camry ta 1997 zuwa 2001, da Accord ta 1998 zuwa 2002 da ake wa laƙabi da Baby Boy. Inda babu kebur sai wayoyin lantarki, kamar a Camry daga 2002, babu bawul ɗin IAC kwata-kwata, ƙaramar mota ce ke juya faifan da kansa. Wanda aka ce wa ya sayo IAC na irin wannan mota, sai ya sake tunani game da garejin.

Lambar kuskure ba hukunci ba ce

Abu na farko da manhaja za ta nuna shi ne lambobin kuskure. P0505 na nufin tsarin silo ya samu matsala, P0506 juyi ya yi ƙasa da yadda ake so, P0507 ya yi sama. P0171 mai ya yi kaɗan a cakuɗa, P0172 ya yi yawa. Daga P0115 zuwa P0118 na sensar zafin ruwa ne, P0120 zuwa P0123 na sensar totur, P0300 zuwa P0304 kuma wata silinda ce ke fashin ƙonewa.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san cewa layin da kwamfuta ta nuna da ja ba lallai nan ne aka yi kuskuren ba, nan ne dai ya fito fili. Haka lambobin mota suke. P0507 ba ta ce IAC ya mutu ba, cewa ta yi birenbos ta rufe shi iya rufewa amma juyi bai sauka ba, wanda tsagaggen tiyo ɗaya ma zai iya jawowa. P0171 kuma ita ce ta fi sa a zubar da lafiyayyar sensar oksijin, alhali gaskiya baiwar Allah ta faɗa.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a rana ta farko shi ne danna maɓallin goge lambobi, saboda daɗin ganin fitilar cek injin ta mutu. Kada a yi. Tare da lambar, birenbos tana ajiye hoton yanayin inji a daidai lokacin da matsalar ta faru, a manhaja an rubuta masa Freeze Frame: zafin ruwa, juyi, gudun mota da sauransu. Wannan ne zai nuna ko da sanyin inji abin ke faruwa ko da zafinsa, a tsaye ko a kan tafiya. Gogewa na tafiya da shi. A ɗauki sikirinshot tukuna.

A fara da zafin ruwa

Gwaji mafi sauƙi da safe ake yin sa, bayan mota ta kwana ba a tashe ta ba. A murɗa makulli dashbod ya kawo wuta ba tare da an tayar da inji ba, a buɗe shafin bayanan kai-tsaye, a kwatanta zafin ruwa, wato ECT, da zafin iskar shiga, wato IAT. Tun da duka biyun a wuri ɗaya suka kwana, ya kamata su yi kusa da juna, kuma kusa da zafin garin. In gari na digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, IAT ta ce 26, ECT kuma ta ce 5 ko 60, an kama maƙaryaciya. Idan ta nuna 40 ƙasa da sifili, waya ce ta tsinke ko soket ya zare. Wannan ma mai sauƙi ne, don yana kawo lamba. Mai wahalar ita ce sensar da ke kaucewa kaɗan: birenbos ba ta zargin ta, sai ta ɗauka inji na sanyi har abada, ta yi ta ƙara mai tana ɗaga silo. Mai maltimita, irin wadda masu gyaran waya ke amfani da ita, zai iya tabbatarwa: lafiyayyar sensa a waɗannan motoci tana ba da om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauka zuwa wajen 300 a digiri 80.

Daga nan a tayar da inji a sa ido. Lambar ta riƙa hawa a hankali ba tsalle, ta je ta zauna tsakanin 85 da 95. In ta maƙale a 60 da wani abu, musamman a kan babban titi lokacin hunturu, to kafin a zargi sensa a tambayi tarihin motar. Al'ada ce da ta yaɗu a garejinmu: da mota ta sauka daga jirgi sai a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye da makulli, wai ai don ƙasar sanyi aka yi su. Tamostat kuwa shi ke riƙe ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 kafin ya sake shi zuwa lagireto. In babu shi inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, silo ya ƙi sauka, mai ya yi ta tafiya, wani lokaci P0125 ko P0128 ta fito. A nan ko sensa goma aka canza ba abin da zai sauya.

Masu Honda su ƙara da wannan: ruwan inji yana ratsawa ta jikin bawul ɗin IAC. Idan ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga layinsa, silo yakan kama hawa da sauka. A duba lagireto, amma sai inji ya huce sarai, domin buɗe murfinsa da zafi ya ƙona fuskoki da yawa.

Totur da iska

Gwajin TPS shi ma ba ya buƙatar tayar da inji. Ƙafa na ɗage, manhaja kan nuna kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuma wannan ba matsala ba ce: sensar tana aiki da bolt 5, a rufe tana mayar da wajen rabin bolt, wato kashi goma. A taka feda a hankali har ƙasa ana kallon jadawali. Layin ya hau sumul, in ya yi rami ko tsalle a wani wuri, sensar ta cinye a nan. A saki feda sau da yawa a ga ko kullum lamba ɗaya take komawa. Wani abin lura: tsohon yaren ISO yana tafiya ne a kan kilobit 10.4 a daƙiƙa, CAN kuma har 500. Wanda ya cika fuskar waya da mitoci goma a tsohuwar mota zai ga kowace na jan ƙafa, ramin da yake nema ya wuce bai gani ba. A bar ɗaya ko biyu kawai.

A nan ne ya kamata a yi maganar ɗan sukurun da faifan totur ke jingina da shi. Wasu kanikawa, in aka kawo musu mota mai mutuwa a silo, sai su murza shi ko su ɗame kebur. Motar za ta daina mutuwa, mai ita ya biya yana murna. Amma yanzu faifai ba ya rufewa, TPS na gaya wa birenbos kamar ƙafar direba na kan feda, ainihin cutar kuma na nan. In TPS ta nuna sama da yadda ya kamata a rufe, a duba ko an taɓa sukurun ko kebur ba shi da ɗan sassauci.

Sensar iska iri biyu ce. Camry mai silinda huɗu ta 1997 zuwa 2001 da Baby Boy suna da MAP, mai auna matsin iska a cikin manifol. Makulli a kunne inji a kashe, ya kamata ta nuna matsin iskar garin: wajen 101 kPa a bakin teku kamar Legas, wajen 96 a Kano, wajen 87 a Jos saboda tudu. Mutumin Jos da ya ga 87 kada ya ce sensa ta lalace. A silo lambar kan faɗo tsakanin 25 da 40. In ta tsaya a 50 ko sama, mota na karkarwa, a duba tiyon sensar, sannan a duba bawul ɗin EGR, wanda in ya maƙale a buɗe yakan mayar da hayaƙi cikin inji a lokacin da bai kamata ba. Corolla ta 2003 zuwa 2008 kuma MAF gare ta, mai auna nauyin iska da wata siririyar waya mai zafi. A silo a kan sa ran kusan giram 1 a daƙiƙa ga kowace lita ta girman inji, wato wajen 2 ga injin 1.8. Ƙurar hunturu babbar abokiyar gabarta ce, musamman inda aka yi ta bushe tsohuwar filta da iska maimakon a canza.

Lambobi biyu da suka fi kowace tona asiri

Su ne STFT da LTFT. Ma'anarsu: kashi nawa birenbos ta ƙara ko ta rage a kan man da ta lissafa tun farko, bayan ta ji rahoton sensar oksijin. STFT gyaran nan take ne, yana rawa kullum. LTFT kuma abin da ta koya ne ta ajiye. Ana haɗa su biyun ne, kuma sai inji ya ɗumama ake karanta su. Jimillar da ba ta wuce 5 sama ko ƙasa ba lafiya lau ce, har 10 ma ba a tayar da hankali. Sama da haka akwai magana. Lamba mai alamar ƙari na nufin ana ƙara mai saboda iska ta yi yawa, mai alamar ragi kuma ana janye mai saboda ya yi yawa.

Dabarar tana cikin kwatanta wuri biyu. A ɗauka Corolla ce ta nuna jimillar ƙari 18 a silo. A ɗaga juyi zuwa 2,500 a riƙe na rabin minti. In lambar ta faɗo zuwa 4 ko 5, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Dalili kuwa, ƙaramin tsagu babban kaso ne na 'yar iskar da inji ke sha a silo, amma idan totur ya buɗe sai ya zama ba komai ba. In kuwa lambar na lafiya a silo amma tana hawa idan juyi ya hau, a nemi matsalar a famfon mai, ko filtar mai, ko MAF mai datti. Gwajin minti ɗaya ke nan da ke raba hanya biyu masu bambancin kuɗi sosai.

A mota mai MAP lissafin ya ɗan bambanta, kuma wannan na ruɗa mutane. MAP tana jin duk iskar da ke cikin manifol ko ta ina ta shigo, sai birenbos ta ba ta manta daidai. Saboda haka tsagu a irin wannan mota ba lallai ya ɗaga LTFT sosai ba, silo ne zai hau ya ƙi sauka.

Neman wurin tsagun aikin haƙuri ne. A sa mutum ɗaya ya riƙe waya, ɗayan ya riƙa matse ƙananan tiyoyi ɗaya bayan ɗaya da filaya. Wanda aka matse STFT ta faɗo ko sautin inji ya canza, shi ne. A lanƙwasa babban tiyon roba da ke tsakanin filta da maƙogwaron inji a duba cikin lanƙwasarsa, nan ya fi tsagewa. A wannan Corollar, gaskit ɗin manifol sananne ne da yoyon iska idan ya tsufa, musamman inji na sanyi. Wasu kan fesa fetur ko man wanke kafireta a kewayen inji don su ji canjin sauti. Yana aiki, amma fesa abu mai kama wuta kusa da salansa mai zafi da wayoyin fulogi ganganci ne, ruwa a kwalbar feshi ya isa.

Sai yanzu a taɓa IAC

In zafin ruwa daidai, TPS sumul, iska da gyaran mai duk lafiya, amma mota na mutuwa da an kunna esi, ko da safe ba ta ɗaga silo sai an riƙe totur, to zargi ya sauka a kan bawul ɗin. Ko a nan ma sau da yawa ba mutuwa ya yi ba, baƙin dauɗa ne ya daskare a cikinsa har ya kasa juyawa. A bari inji ya huce, a cire soket, a kwance shi, a lura da ƙananan tiyoyin ruwa da ke jikinsa. A wanke ramukan da man wanke maƙogwaron inji har ɗan ƙyauren ciki ya riƙa motsi ba tirjiya, ba tare da an jiƙa ɓangaren lantarkin ba. A goge bayan faifan totur da gefensa, a sa sabon gaskit, don tsohon da ya taurare zai iya haifar da sabon yoyo. Ita MAF feshinta daban ne, kuma ba a taɓa wayarta da komai, ko da auduga.

Bayan an ɗaura komai, yanzu ne lokacin goge lambobi. Silo na iya yin wani iri na ɗan lokaci, saboda birenbos ta saba da dattin, sai ta sake koyo. A Honda tsarin shi ne a kashe esi da fitilu da rediyo, a riƙe juyi a 3,000 har fankar lagireto ta tashi, sannan a bar ta a silo na minti biyar, ban da lokacin da fanka ke juyawa. Motar da aka haɗa wa fanka kai-tsaye ba za ta ba da wannan alama ba, sai a dogara da lambar zafin ruwa a waya. A yi kwana biyu ana hawa, a sake duba LTFT a kwatanta da sikirinshot ɗin farko.

Abu ɗaya ne ba ya jira: idan fitilar cek injin tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, silinda ce ke fashi sosai, ɗanyen mai na zuba cikin salansa, kuma zai iya narkar da katalis. A rage gudu a nemi wurin tsayawa. Sannan idan an gama bincike a zare na'urar daga soket, domin rami na 16 yana da wutar batir kullum ko da makulli na aljihu, kuma motar da aka ajiye kwanaki da ita a jiki tana iya wayar gari batir ya yi sanyi.